Damisar Cinyar U Tha Gyaw

Tun da muka raka mijina U Tha Gyaw makwancinsa, duk mai zuwa yi mini gaisuwa da fuskar tausayi yake shigowa, amma da wuya ya gama cin ganyen shayin da na ajiye masa bai fara danne dariya ba. Ba na jin haushi, na san abin da suke tunawa. Gara dai in faɗe shi daidai, tun da kowa a birninmu na Inwa ya ƙara masa nasa gishirin.

U Tha Gyaw ma'aikacin fada ne. In ka tambaye shi aikinsa, sai ya ce shi ne na hannun daman Hakimin Rumbunan sarki. Bai yi ƙarya ba, a hannun daman yake durƙusawa, domin ta nan hakimin yake tofar da jan yawun ganyen kun da manya ke taunawa kamar goro, shi kuwa shi ke riƙe da kaskon. Shekara da shekaru bai taɓa barin ɗigo ya faɗi ƙasa ba, in ban da waɗanda suka faɗi a kansa. A hannun hagu kuma maƙwabcinmu U Lu Gale ne ke riƙe da akwatin ganyen, ɗan siririn mutum mai harshe kamar aska. Tun suna samari ba su taɓa yarda da juna ko a kan wace rana ce kasuwa ba.

Babban abin cika bakinsa shi ne jarfarsa. A ƙasarmu namijin da bai sha allurar jarfa daga ƙugu zuwa gwiwa ba, ko 'yan mata ba sa amsa gaisuwarsa, to shi U Tha Gyaw ya ce tasa ta fi ta kowa a birni. Wai damisa ce a cinyar dama, dodo a ta hagu, ga birai, ga kyanwar da ke sa ya faɗo daga rufin gida bai ji ciwo ba. Wai ƙarfinta ya kai duk wanda ya kalle ta sai idonsa ya karkace, shi ya sa don tausayin jama'a yake sakin zanensa har idon sawu, yake kuma wanka a bayan tabarma maimakon kogi. Gaskiyar kuwa daga shi sai ni muka sani. Ranar da aka kwantar da shi yana yaro, allura ta taɓa shi sau ɗaya, ya ture mai jarfar, ya faɗa kogi, bai tsaya ba sai ƙauyen kakarsa. Abin da ke cinyarsa ɗigo ɗaya ne, kamar kashin ƙuda.

Da damina ta kawo kai, masu duban taurari suka tsayar da ranar da sarki, Mai Ƙafar Zinariya, zai fita gonar gabas ya ja garma, hakimai su biyo baya kowa da tasa har sai ya ce ya isa. A shekarar ƙafar Hakimin Rumbuna ta kumbura ta yi kamar kabewa, aka yarje masa ya tura ɗaya daga mutanensa. Sai ya ce duk wanda ya fitar da shi kunya, shi zai ba rumbun bakin kogi, muƙamin da ke zuwa da jar laima.

U Lu Gale ya fara cewa ya ɗan taɓa noma a ƙauyensu. U Tha Gyaw ya katse shi.

"Ranka ya daɗe, ni da bakin garma aka yanke mini cibiya. Shanu in suka ji warin damisar cinyata, miƙewa suke kamar an ja musu zare."

"Shekara nawa muna jin gurnanin damisar nan," in ji U Lu Gale, "ko wutsiyarta ba mu gani ba."

"Idonka nake tausaya wa, ɗan'uwa. Da ma guda ɗaya ne mai kyau."

Hakimi yana fama da ƙafarsa, so yake su yi shiru, sai ya nuna wanda ya fi ƙara. U Lu Gale bai yi musu ba. Ya rufe akwatinsa a hankali, ya ce to madalla, ranar garma ai kowa naɗe zanensa yake ya yi bante da shi, shi kam zai kalla ko da idon nasa mai kyau zai tafi.

Wannan magana ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. A hanyar gida U Tha Gyaw ya tsaya wurin masu laima ya zaɓi jar da ta fi kowace faɗi, ya naɗe ta a tabarma, domin wanda sarki bai ba ba, in ya buɗe ta a titi bayansa ne zai biya. Da shigarsa ɗaki ya buɗe ta, ya shiga kai da kawowa yana gwada tafiyar manya, yana koya mini yadda zan riƙa amsa gaisuwar matar U Lu Gale da ƙarshen hanci. Na bar shi ya zagaya ɗakin son ransa, sannan na ce, "Baban Mi Nu, da wace cinyar za ka shiga taɓon?"

Laimar ta rufe a kansa.

Amma ba a daɗe ba ya fito daga cikinta da dabara. Ya sa na kankaro baƙin gindin tukunya na kwaɓa da man riɗi, ya kwanta, ya ce in zana. Ni ban taɓa ganin damisa ba, abin da ya fito ya fi kama da agwagwa mai haƙora. Ya leƙa ya ce daga nesa za ta yi. Washegari ya tafi aiki da ita don gwaji, rana ta buɗe, gumi ya karyo. Kafin hakimi ya yi tofi na uku baƙin ruwa ya gangaro har diddigensa, duk inda ya taka a dakalin sai ya bar sawu. U Lu Gale ya tambayi lafiya. U Tha Gyaw ya ce damisa ce ke zufa saboda ɗokin ranar. U Lu Gale ya dangwali sawun da yatsa, ya sansana, ya ce lallai damisar nan a gindin tukunya take kwana, kuma da alama soya ta ake yi.

Ya dawo gida da dabara ta biyu, ya ce a kira masa ƙanena Ko Nyo Sein, mai yi wa akussa ado da baƙin ƙaro, ruwan wata bishiya mai sheƙi. Abin da ke riƙe miya mai zafi bai goge ba, in ji shi, gumi ne zai gagare shi? Na ce masa ɗanyen ƙaron nan yana cizon fatar da ba ta saba da shi ba. Ya ce fatar da mashi bai huda ba, ba ruwan itace ne zai tsorata ta ba. Na tambaye shi wane mashin. Ya ce mata ba su san sirrin fada ba.

Ko Nyo Sein kuwa murna kamar ya taka rawa, ya ce bai taɓa yi wa akushi mai magana ado ba. Shi ma dai kansa ba cikakke ba ne. Ya yarda ya kwaikwayo damisa guda daga bangon haikali, amma dodo da birai suka gagare shi, sai ya cike sauran wurin da abin da hannunsa ya sani, furanni da aku. Da ya zo gwiwa, sabo ya sa ya ja jan layi ya zagaye ta kamar bakin kwano. Da ya juya shi kuma, sabo ya sa ya ɗiga ɗan kifin nan da yake sa wa a gindin duk akushin da ya fita daga hannunsa. U Tha Gyaw ba ya ganin bayansa, ni kuwa da na gani dariya ta hana ni magana.

Sai da aka gama ƙanena ya tuna masa cewa ƙaro ba ya bushewa a iska, sai a ramin danshi. Haka ma'aikacin fada ya sauka ramin bayan rumfa, ya tsaya a tsakiyar akussa, ƙafafu a ware, hannu biyu riƙe da zane a sama. Kwanaki ya yi a ciki. Aka aika wa hakimi cewa yana shirin ranar. Maƙwabta suka dame ni da tambaya, sai na ce ya keɓe ne yana ciyar da damisarsa.

Da na sani ban faɗa ba. Kafin rana ta yi tsaka matan unguwa sun taru a bakin ramin da ayaba da shinkafa, kowace da buƙatarta. Shi kuwa maimakon ya yi shiru, sai ya kumbura murya yana ba da amsa daga cikin duhu. Ya ce wa wata tsohuwa aladenta da ya ɓata yana gabas, ta kwashe jikoki suka yi gabas, aladen yana kwance a ƙarƙashin gidanta. Ya ce wa wata mai ciki namiji za ta haifa, ta ce masa ita ba ciki gare ta ba, ƙiba ce, ta ɗauke ayabarta.

Ana cikin haka ƙaiƙayi ya fara. Ya soma kamar tafiyar kiyashi, ya koma kamar cizon cinnaka, ga shi an hana shi taɓawa kada ado ya lalace. Ya shiga nishi yana cizon gefen zane. Matan da ke sama suka ja da baya suna cewa ga gurnanin nan, taro ya ninka. U Lu Gale ma ya zo, ya tsuguna ya kasa kunne, ya ce shi dai a saninsa damisa ba ta kiran sunan uwarta.

Ranar garma ta zo. Muka ciro shi daga rami, cinyoyi sun kumbura sun yi sheƙi, yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a tsakanin ƙafafu. Na ce ya aika ya ce zazzaɓi ya kama shi. Ya dubi laimar da ke rataye, ya ce yau da yamma a titi zan ga an buɗe ta.

Duk birni ya fita gonar gabas. Da Mai Ƙafar Zinariya ya iso, kowa ya kife, goshi a ƙasa, ko tari babu. Fili ya cika da gadon bayan mutane, ba mai motsi, sai mijina da ke ta jujjuyawa yana goga cinya a ciyawa kamar kare mai ƙuma. Dogari ya taɓa shi da gora, ya lafa, aka jima kaɗan ya sake. U Lu Gale da ke kife kusa da shi ya raɗa masa ko damisar ce ke neman fita. U Tha Gyaw ya ce masa, ta cikin haƙora, gaisuwar sarki take yi.

Sarki ya kama garmar zinariya, fararen bijimai suka ja, ya tsaga layukansa miƙaƙƙu, ya koma rumfa ya zauna. Layukan nan ba mai taka su. Wanda ya kuskura, a rana ake shanya shi da dutse a ƙirji. Aka buga ganga, hakimai suka sauka taɓo suna tattare zannuwa, ko'ina sai cinyoyi baƙaƙe da jarfa. U Tha Gyaw ya ja numfashi, ya naɗe nasa ya cusa ta baya.

Nan take surutu ya tashi. Wasu sun rufe ido da tafi suna leƙe ta tsakanin yatsu. Ba wanda ya taɓa ganin jarfa mai ƙyalli, balle mai furanni da jan baki. Ya ji daɗi har ya manta da azabarsa, ya juya don na baya su ma su gani. Nan ne tsohuwar nan mai alade ta ɗaga murya.

"Kai, ga kifin Nyo Sein. Irinsa ne a gindin akushina."

Wata ta ce nata ma haka, har furannin. Dariya ta fara daga wajen mata tana yaɗuwa. Ya yi kamar bai ji ba, ya kama garma, abin da bai taɓa taɓawa ba tun da aka haife shi. Ya riƙe ta kamar kaskon tofi, ya miƙa ta gefe, ya ce wa bijiman su tafi. Suka waiwayo suka dube shi suna tuƙa. Na kusa da shi duk sun yi nisa. Ya ce wa bijiman cikin sanyin murya shi na hannun daman Hakimin Rumbuna ne. Ɗaya ya ɗaga wutsiya ya ba shi amsa.

Sai ruwan taɓo mai ɗumi ya taɓa kumburin, ƙaiƙayi ya tashi gaba ɗaya kamar an watsa barkono. Ya goga cinyar dama da ta hagu, ya goga ta hagu da ta dama, ya ɗaga wannan ya sauke waccan. Makaɗa suka ga mutum yana taka rawa, suka ɗauka wani salo ne na gidan hakimi, suka bi sawunsa da ganga. Yana ƙara sauri suna ƙarawa. Hakimin Rumbuna daga kan kujerarsa ya tambayi U Lu Gale abin da yake gani, U Lu Gale ya ce ai haka ake noma a garin da ake yanke cibiya da garma.

Da abin ya kai maƙura, U Tha Gyaw ya juya sandar kora ya shiga sosa bayan cinya da gindinta. Ya lumshe ido don daɗi. Bai san tsinin yana ɗaya ƙarshen ba, sai da ya nutse a ɗuwawun bijimi.

Bijimai suka zabura. Igiya tana naɗe a hannunsa, garma ta yi tsalle, shi ma ya bi ta. Suka ratsa gaban Hakimin Giwaye suka watsa masa laka har hula, suka kifar da Hakimin Jiragen Ruwa, wanda ya tashi yana iyo a ruwan da bai kai gwiwa ba. U Tha Gyaw yana bayansu, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a ciki, yana roƙonsu da sunayen girmamawa. Suka nufi layukan sarki. Jama'a suka ja numfashi. Suka tsallake na farko, suka bi ta kan sauran, garmar ta ja wani karkataccen layi kamar sawun maciji. Ba su tsaya ba sai da bakin garma ya cije a gindin turken rumfar sarki. Suka tsaya cak, shi kuwa bai tsaya ba, ya tashi sama ya daki bayan bijimin dama, ya zame ya faɗo a gaban matakala.

Ba mai dariya yanzu. Ni ina cikin mata, idona a kan dogarai.

Ya kife a taɓo. Susa da laka da jan ƙasa sun gama da aikin ƙanena, ƙaron ya saɓule kamar ɓawon rake, furanni suna yawo a kan ruwa. Cinyoyin nan ga su jajaye, babu ko layi ɗaya na allura, sai ɗigon nan kamar kashin ƙuda. U Lu Gale ya rarrafo, ya ɓamɓaro wani abu daga ɗuwawun bijimi, ya ɗaga shi da hannu biyu sama da kansa. Damisar ce, cif cif, har da wutsiya.

Sarki ya dube ta, ya dubi layukansa, ya tambaya wane ne wannan. Aka faɗa masa. Ya ce to mai kasko ya yi bayani.

Kowane mai hankali tuba zai yi. U Tha Gyaw ya tofar da laka, goshi a ƙasa, ya ce, "Ran Mai Ƙafar Zinariya ya daɗe. Bawanka ya ga shanun nan sun nufo rumfa, sai ya saki damisar ta kama na dama. Ga ta nan, a jikinsa aka cire ta."

"Sauran fa?" in ji sarki. "Na ji akwai dodo da birai."

"Sun bi ta ne don su taimaka, ranka ya daɗe. Ba su dawo ba tukuna."

Kafaɗar sarki ta fara rawa. Ya sa mafici ya rufe fuska, maficin ma ya kama rawa, daga nan ya saki dariya har da riƙe ciki. Da sarki ya yi, sai duk gonar ta ɗauka, har Hakimin Jiragen Ruwa. Da ya sarara, ya share ido ya ce ba za a shanya mutumin da dabbarsa ta ceci rumfa ba. Amma damisa mai biyayya haka bai kamata a bar ta tana fita yadda ta ga dama ba. Da zarar kumburi ya saɓe, mai jarfar fada ya mayar da ita wurinta da allura, ita da dodon da biran da kyanwar, daga ƙugu har gwiwa, a ƙofar kasuwa, don kowa ya shaida ba ta sake tserewa ba. Rumbun bakin kogi kuma a ba wanda ya kamo ta, wato U Lu Gale.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙarti huɗu ne suka danne shi, an kuma sa masu kwalekwale a bakin kogi saboda zuwa lokacin labarin yarintarsa ya fito fili. Masunta a ƙetare sun ce sun ji shi. U Lu Gale yakan zo ya tsaya a kansa da sabuwar jar laimarsa, wai yana yi masa inuwa, yana tambaya ko yau biri ake ciki.

Kada ku ɗauka ya daina. Bai gama warkewa ba ya fara wanka a kogi, a inda ya fi cika, zane a naɗe har ƙugu ko da sanyi ake. Duk birnin nan, in ji shi, wa aka yi wa jarfa da umarnin sarki in ba shi ba? Ya koma riƙon kaskonsa har tsufa. Laimarsa kuwa ba ta taɓa ganin titi ba. Wani lokaci yakan rufe ƙofa ya buɗe ta, ya zauna a ƙarƙashi ya ci shinkafarsa, ni ina yi masa fifita ina kiransa hakimi.

Ranar da za a fitar da gawarsa aka tashi da ruwa. Na hau na sauko da laimar daga rataye. U Lu Gale, ya tsufa har ya ranƙwafa, ya tare ni a ƙofa ya ce na san doka ba ta ba shi ba. Na ce na sani. Ya dubi titi dama da hagu da idonsa mai kyau, ya karɓe ta daga hannuna, ya ce in za a yi bulala a yi masa, shi zai riƙe. Ya ɗaga ta a kan makara ya buɗe.

Ashe asu ya riga mu. Babu abin da ya rage sai tsinkaye da ɗan jan ƙyalle yana lilo a tsakiya. Ruwa ya zuba a kan mamaci da mai riƙon kamar ba a buɗe komai ba. U Lu Gale bai sauke ta ba, haka ya bi makarar har bayan gari, ruwa na bin gemunsa, yana kuka yana dariya.

"Da yana iya magana," in ji shi, "da ya ce sarki ne ya sa a yi masa ita da tagogi."